Tsohuwar da Gwaggo Ta Bari a Bayan Randa

Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta amsa kira ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, bayan jinyar da ba ta cika sati biyu ba. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Kafin la'asar kuwa gidanmu da ke bayan rijiyar Kusugu a Daura ya cika ya batse, zaure ya kasa ɗaukar maza sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin na Gwaggo ba. Mace za ta shigo da kukanta, ta durƙusa ta yi mana gaisuwa, ta share ido da bakin mayafi, sai ka ga ta ɗaga kai tana duban igiyoyin nan uku da aka ɗaure daga rumfa zuwa darbejiyar tsakar gida. "Allah sarki," in ji wata, "yau igiya babu komai." Wata tsohuwa da ta taɓa zama a unguwarmu, ta taso takanas daga Mai'aduwa, ta ce haihuwarta tara, kuma duk taran babu abin da cikinta ya fara karɓa sai taliyar Gwaggo.

A waje ma haka. Wani dattijo mai fataucin dabbobi, bayan an shafa fatiha, ya dubi Baba ya ce, "Malam, mun zo yi maka gaisuwa, amma fa mu ma a yi mana. Kai ka rasa yaya, mu kuma wa zai ƙara ba mu taliya mai tsami?" Yayanmu ya ce har liman sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Tsorona kada jikokinmu su tashi su ji ana cewa Gwaggo mai taliya, su ɗauka wata mata ce kawai mai inji da buhun fulawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, har da wasan da ta yi mana bayan ta tafi, wanda har yau in na tuna sai in rasa kuka zan yi ko dariya.

Taliyarta 'yar murji ce irin ta kowa: fulawa da gishiri da ruwa, a kwaɓa da tauri, a murza a inji, a shanya a igiya. Abu guda ne ya raba ta da ta sauran mata. A madafa, a bayan randa inda ƙasa ke da sanyi, akwai wata 'yar tukunyar ƙasa da take rufewa da faifai. Cikinta tsohon kwaɓi ne mai tsami, kullum yana 'yan kumfa-kumfa a sama. Duk safiya za ta ɗebi rabinsa ta zuba cikin kwaɓin ranar, ta mayar masa da sabuwar fulawa da ruwa, ta juya da yatsa ta rufe. Ba ta taɓa kiransa kwaɓi ba, Tsohuwa take ce masa. Ba ta kuma cewa za ta ƙara fulawa, sai dai ta ce, "Ku matsa in ba Tsohuwa karin kumallo."

In an dafa taliyar nan ba ta caɓewa, kowane zare da kansa yake tsayawa, ga wani ɗan tsami a can bayan harshe kamar na kindirmo mai kyau. A zuba wake, a yaryaɗa manja, a barbaɗa yaji. Na ga manyan mutane masu rawani suna suɗe kwano a zaurenmu suna waiwaye kada a gan su.

Daga Damagaram ta zo da ita. Can aka kai ta aure tana yarinya, ta yi maƙwabtaka da wata mata da mijinta ke gasa burodi da tsohon kwaɓi maimakon yis. Gwaggo da karambani, ta roƙi kaɗan ta gwada a taliya, abu ya yi daɗi, shi ke nan ta riƙe. Da mijinta ya rasu, Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba, sai ta dawo Daura gidan ƙaninta da akwati guda da kwano a kan cinya. Labarin tsallakowarta iyakar Kongolam kuwa mun ji shi ya fi a ƙirga.

"Ma'aikacin nan ya leƙo mota," haka take farawa, "ya ce, baiwar Allah, mene ne a kwanon nan kika rungume kamar jinjiri? Na ce 'yar rakiya ce. Ya ce buɗe. Na buɗe. Ya kai hanci, ya ja da baya har hularsa ta karkace. Ya ce, ai wannan abincin ya lalace! Na ce, to karɓe shi mana. Ya ce, wuce, wuce, Allah ya kiyaye hanya."

Shekarun farko hular karkacewa take yi. Da tafiya ta yi tafiya sai ta fara faɗuwa ƙasa. A ƙarshen rayuwarta har iska na ɗaukar ta ta mayar da ita Nijar, in mun yi gardama ta ce mu da ba a haife mu ba me muka sani.

Tana da ƙa'idojinta. Ruwan leda ba ya shiga Tsohuwa, sai na rijiya da ya kwana a randa. Gwaggo ba ta kwana biyu a wani gari, ko bikin waye, in kuwa ya zama dole to da tukunyarta za ta tafi. Da Tsohuwa take gane gari: in ta ɗaga faifai ta ga ta taso da wuri, sai ta ce, "Yau za a sha rana, ku ɗebi ruwa tun yanzu." Wanda ya taɓa faifan nan ba da izini ba kuwa zai ji abin da bai taɓa ji ba. Ni da ake kira da sunan mahaifiyarsu, Uwata take ce mini, amma hakan bai hana ta kore ni daga madafa ba. Da yake koyarwa nake yi a makarantar firamare, sai ta ce, "Uwata, hannun nan naki na biro ne. Je ki yi wa yara maki, bar mana fulawa."

Akwai rigimarta da Inna, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda ta fi shekara ashirin ana yi. A wani taron suna ta fara. Inna ta ɗanɗana taliyar Gwaggo a gaban mata, ta yatsina fuska ta ce, "Wannan ai kwaɓi ne aka manta da shi ya kwana, aka ji ƙyashin zubarwa." Daga ranar ba su fasa gaisawa ba, amma gaisuwar tasu sai wanda ya ji. Da sassafe za ka ji muryar Inna ta saman katanga:

"Maƙwabciya, an tashi lafiya? Ruɓaɓɓen naki ya kwana lafiya?"

"Lafiya lau, yana gaishe ki. Ya ce jiya kwano biyu kika aiko a zuba miki."

"Jikokina ne suka ci."

"Jikokin naki da suke Kano tun sallah?"

Sai ka ji ƙarar tsintsiya da ƙarfi. Shekarar da Inna ta faɗi ta karye a ƙafa, Gwaggo ce ta yi wata biyu tana zagayawa kullum da kwano a hannu, ta gyara mata ɗaki, ta taya ta hira. Kwanon kuma kullum a wanke yake dawowa, da saƙon cewa tsamin ya yi yawa.

Ni ma ta rufa mini asiri, rufin da ba zan manta ba. Ina sabuwar amarya dangin mijina suka zo daga ƙauye, suka ce sun ji daga gidan taliya aka ɗauko ni, ita suke so. Na kwaɓa, na murza a injin aro, na zuba a tukunya, abu ya koma kunu. Ina tsugune ina hawaye sai ga Gwaggo ta shigo, wai ta zo gaida baƙi, da kwano ƙunshe cikin mayafi. Wata maƙwabciya ce ta kai mata labari. Ta juye kunun a abincin awaki, ta ɗora ruwa. Da baƙi suka ci suna santi, wata ta ce amarya ta iya, sai Gwaggo ta ce, "Ai mu ma a gida ita ke nuna mana." A gaban mutane ba ta taɓa tada maganar nan ba. In mu biyu ne kuwa, ko ruwa na miƙa mata sai ta ce, "Na gode, mai kunun taliya."

To ku duba yadda zan ji da ta kira ni cikin jinyarta, kwana huɗu kafin rasuwarta. Da hantsi ne, ta sallami kowa, ta ce, "Uwata, turo ƙofa." Na turo, na zauna a bakin gado.

"Abu biyu zan ba ki amana. Ranar addu'ar bakwai ɗina, a yi waina in an ga dama, amma taliyata nake so mutane su ci. Na biyu, Tsohuwa. Kullum in kin idar da asuba ki ba ta tafi biyu na fulawa da ruwan randa. Kada ki zubar da ko kaɗan, ƙarawa kawai za ki yi har ranar. In an zo kwaɓi, ludayi biyu nata ake sa wa kowane mudu, gishiri kuma a ruwa ake narka shi, ba a barbaɗawa."

Na ce, "Gwaggo, daina irin wannan magana, za ki tashi."

"Ke dai ji abin da na ce. Duk gidan nan ke kaɗai na yarda da hannunki. Kada ki faɗa wa kowa, kin san halin mutanenki."

Na fito ina kuka, amma ba zan ɓoye ba, a ƙarƙashin kukan akwai wani daɗi. Ashe duk korar da take mini, ni ce dai. Na wuce Matar Yaya a tsakar gida tana wanke-wanke, wadda shekara da shekaru ita ke taya Gwaggo kwaɓi, har na ji tausayinta. Dama ni da ita ba ma wani shiri. Babu faɗa, amma in an gaisa an gama.

Ranar Laraba, washegarin rasuwa, na idar da asuba na zame na shiga madafa. Da yake maƙwabta ke kawo abinci a kwanakin makoki, ba mai hura wuta, madafar shiru. Na ba Tsohuwa tafi biyu, na juya da yatsa yadda na ga ana yi, na rufe. Washegari na ɗaga faifai na tarar ta cika tukunya ta malalo har gindin randa. Na ce zafi ne. Na juye ta a babban kwano, kuma ganin ta girma sai na ƙara mata abincin. Ranar Juma'a kwanon ma ya cika. Na mayar da ita cikin roba ta wanki, sabuwa, na lakato kaɗan na kai baki. Babu tsami. Fulawa da ruwa kawai nake ji, salam.

Ranar nan ko gaisuwar mutane ban san yadda nake amsawa ba. Abin da ya tsallako iyaka a kan cinya, ya yi shekara arba'in da ɗoriya a bayan randa bai taɓa ko ciwon kai ba, ga shi kwana uku a hannun biro zai mutu. Litinin ce addu'ar bakwai, kuma na riga na faɗa wa Baba cewa taliyar Gwaggo za a ci, shi kuma ya faɗa wa duk wanda ya zauna a tabarmarsa. Ba ni da wanda zan tambaya, tunda an ce kada in faɗa wa kowa.

Ranar Asabar na ce yau ba zan bar wurin ba sai na ga abin da ke damun ta da idona. Na ba ta abincinta, na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna a lungu bayan buhun gero, inda ba a hango mutum daga ƙofa. Rana ta ɗaga. Ina ta kallon roba kamar mai gadin jinjiri, sai na ji an turo ƙyaure a hankali. Matar Yaya ce, tana sanɗa. Ta waiga hagu da dama, ta ɗaga faifai, ta zura hannu a buhun fulawa.

"Anti! Me kike yi?"

Ta zabura har fulawa ta watsu a zanenta. "Ke! Kin tsorata ni. Me kike yi a nan? Fita, wannan ba huruminki ba ne."

"Hurumina ne kuwa. Ni aka ba amana."

"Wace amana? Ni ta kira ta ce in turo ƙofa. Ta ce kullum da hantsi in ba ta tafi biyu. Ta ce duk gidan nan ni kaɗai ta yarda da hannuna."

"Ta ce kada ki faɗa wa kowa?"

"Ta ce na san halin mutanena."

Muka tsaya muna kallon juna. Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji game da Gwaggo ba. Maganar da na ƙulla a zuciya kwana takwas ina jin daɗinta, ashe har da wata aka yi wa ita, kalma da kalma. Matar Yaya ma idonta ya kawo ruwa. Ta zauna daɓas a kan turmi ta ce, "Shekara goma sha biyar ina murza mata kwaɓi." Daga nan ba wadda ta yarda ta fita ta bar wa 'yar'uwarta roba.

Muna nan zaune har aka kira azahar. Muka yi salla bi da bi, ɗaya na gadi. Ina dawowa ke nan sai ga 'yar riƙon Gwaggo, wadda ta raina tun tana rarrafe, aka aurar da ita garin Mashi, ba ma ganinta sai da dalili. Ta shigo da 'yar ledar fulawa a ƙarƙashin hijabi, ta gan mu, ta yi turus.

Matar Yaya ta ce, "Shigo, shigo. Ke kaɗai aka yarda da hannunki, ko?"

Yarinyar nan ta buɗe baki. "Wa ya faɗa muku?"

A nan dariya ta ƙwace mini. Na toshe baki da mayafi don gidan makoki ne, amma ina, sai ta fito ta hanci. Matar Yaya ta kama, 'yar riƙo ta kama tana hawaye tana cewa, "Kai Gwaggo, kai Gwaggo." Da muka lafa, Matar Yaya ta lissafa da yatsu ta ce, "Asuba, hantsi, azahar. Na rantse akwai mai la'asar." Muka zauna mu uku muna canki. Na ce ƙanwar Baba ce, 'yar riƙo ta ce matar liman. Duk ba mu ci ba.

Ana idar da la'asar muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Inna ce ta bayan katanga, da ɗingishinta, da kwano rufe a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi robar da ta kusa cika, ta ajiye kwanonta a hankali.

"Ku ma?"

"Mu ma, Inna."

"La'ila. Matar nan har a kabari ba za ta bar ni in huta ba. Ni da tsufana take sa ni sanɗa kamar ɓarauniya, wai ni kaɗai ce na san darajar ruɓaɓɓen nata." Ta share ido da gefen zane, ta ce, "Matsa in gani."

Na ce, "Inna, ta mutu. Babu tsami ko kaɗan."

Ta lakata ta ɗanɗana, ta kai kunne kusa da robar, ta harare ni. "Mutuwar me? Ƙoshi ne ya yi mata yawa, 'yar nan. Ke in aka ɗura miki tuwo sau huɗu a rana za ki iya motsi? Abin da ta faɗa mini ke nan: Tsohuwa sai ta ji yunwa take tsami. Ta ce kafin kwaɓi a ɗauke mata abinci kwana guda cur. Ku rufe ta, duk wadda ta ƙara taɓa fulawa sai na sa mata sandar nan."

Sai a lokacin muka fara tambayar juna abin da aka faɗa wa kowa. Ni ce na san yawan Tsohuwa da ake sa wa mudu, da yadda ake narka gishiri. Matar Yaya ita ta san taurin kwaɓi, da yadda ake lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane ya huta har sai in ka danna yatsa ramin ya taso a hankali. 'Yar riƙo ita kaɗai ta san halin injin Gwaggo, tsohon inji mai ƙusa a madadin sukurun da ya ɓace tun ba a haife ta ba, wanda in ya cije sai an mayar da hannunsa baya kaɗan kafin ya ci gaba. Inna kuma ita ta san yunwa, da shanya a inuwa, da cewa tafasa biyu ake yi a tsame. Babu wadda za ta iya fitar da taliya ko kwano guda ita kaɗai.

Inna ta sake duban robar ta ce, "Kuma ku duba nan. Mutanen da za su zo Litinin, mudu nawa za a kwaɓa musu? Da ke kaɗai ce mai ciyarwa, 'yar nan, ludayi nawa za ki samu a 'yar tukunyar can?" Na yi lissafi. Ko mudu uku ba za ta ɗauka ba.

Duk da haka ban yi barcin kirki ba. In Inna ba ta canka daidai ba fa? Lahadi da safe hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗaga faifai, Matar Yaya ta riƙe ni ta ce, "Malama, zauna." Wannan ne karo na farko da ta taɓa tsokanata, na kuwa ji daɗinsa. Bayan azahar muka taru mu huɗu. Inna ta ce in buɗe, tunda ni ce mai asuba. Ban gama ɗaga faifan ba warin nan ya buge ni, har na ja da baya ɗankwalina ya zame.

'Yar riƙo ta ce, "Ga hular ma'aikaci ta faɗi!"

Muka yi aiki har rana ta yi ja. Ni ina auna ludayi, Matar Yaya da 'yan matan gida suna murza kwaɓi har gumi na ɗiga daga haɓa, 'yar riƙo na juya inji tana lallashinsa da irin kalmomin Gwaggo, Inna na zaune a kujera tana nuna igiya da sanda tana faɗa, wai mun cika matse zare. Kafin magariba igiyoyin nan uku sun cika, sai da muka ƙara biyu daga gidan Inna. Matan da suka zo gaisuwar yamma suna shigowa suka ɗaga kai, wata ta dafe ƙirji ta ce, "Kamar yanzu za ta fito daga madafa."

Litinin da safe aka dafa. Kafin a fitar wa maza, muka zuba kwanon farko muka ajiye a gaban Inna, don duk garin nan babu wanda ya fi ta sanin aibin taliyar nan. Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta kai loma. Ta daɗe tana taunawa, mu uku muna tsaye a kanta. Ta haɗiye, ta yatsina fuska.

"Tsamin ya yi yawa," in ji ta. Sai muryarta ta karye. "Daidai yadda yake yin yawa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ba mu hana ta ba, mu ma namu muke yi. Da ta gama ta jawo kwanon ta cinye tas, ta ce a zuba wa jikokinta.

Ni na kai wa Baba nasa bayan an watse. Ya ci, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Ranar Asabar na ji hayaniya a madafa." Na ce, "Baba, ka ji abin da Gwaggo ta yi mana kuwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ni ma ta sa na turo ƙofa. Ta ce in na ji mata na hayaniya a madafa kada in leƙa, kada in aika kowa, in bar ku. Ta ce in dai an kai ga dariya, to aiki ya yi."

Abin da ya rage na Tsohuwa mun raba shi huɗu. 'Yar tukunyar ta asali tana nan a bayan randa wajen Matar Yaya. Kaso ɗaya ya hau babur ya tafi Mashi a kan cinya, ɗaya ya tsallaka katanga, ɗaya yana gidana. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata muna haɗuwa a gida mu murza, don har yanzu injin nan ba ya jin maganar kowa sai ta 'yar riƙo, kuma na lura ba ta da niyyar koya mana.

Kwanan baya na kira babbar 'yata ɗaki, na ce ta turo ƙofa. Na nuna mata yawan ludayi, na ce duk gidan nan ita kaɗai na yarda da hannunta. Ta fita tana wani taku, ko ƙannenta ba ta kalla ba. Matar ɗana kuma na ce ta zo gobe da hantsi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya makwancinta, ya yafe mata kurakuranta, har da wannan 'yar ƙaryar da ta yi wa mata huɗu. Mu dai mun yafe.